Ranar da Na Kira Sunanta

Ba zan taɓa mantawa da farkon zafin shekarar da 'yata ta fari ta gama firamare ba. Alhazai sun watse, gari ya koma namu, sai hidima ta taso wa danginmu na unguwar Zahir gaba ɗaya: wannan gida saukar karatu, wancan suna, ga kuma tafiyar shan iska garin Ɗa'if da Malam, maigidana, ya yi wa yara alkawari. Kusan kullum muna gindin tukunya.

Duk da mun baro gida tun ina yarinya, mun bi ta Sudan har muka iso nan ƙasa mai tsarki, uwata ba ta bar kunyar ɗan fari a hanya ba. Ta koya mini, ni kuma na riƙe fiye da yadda ta riƙe. Shekara goma sha uku ban kira sunan yarinyar nan ba. "Ke" nake ce mata, in kuma zancenta ake yi in ce "'yar nan". Ba na yabonta, ba na shafa kanta a gaban mutane (kuma ina jin kaina da wannan, Allah ya yafe mini).

Ranar ba da shahada, wato takardar gama makaranta, maza ba sa shiga, don haka Malam ya ce mu je da yayarsa, Yaya Hansai. Na zauna can baya kusa da randar ruwa. Ashe tsarin shugabar makarantar shi ne, duk yarinyar da aka kira, uwarta ta fito ta tsaya kusa da ita, a damƙa musu takardar tare. Matan Larabawa suna fita, suna rungume 'ya'yansu, suna sumbatarsu. Ni kuwa gumi nake.

Aka kira 'yar nan. Ta fito da farar rigarta, ta tsaya ita kaɗai tana waige.

"Tashi mana," in ji Yaya Hansai.

"Yaya, ke ki je. Ai 'yarki ce."

"A gida 'yata ce. A nan wadda ta yi naƙuda ake nema."

Ta tura ni. Na isa gaba ina kallon ƙasa, na tsaya nesa da yarinyar kamar wadda aka aiko. Shugabar ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni da Larabci ko ni ce uwar. Na ce, "'Yar gidanmu ce." Ta ce ba haka ta tambaya ba. Sai ta kife takardar a ƙirjinta ta ce, "To, yaya sunanta?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Yaran suka fara ƙus-ƙus. Wata mata ta ce da ƙarfi ai ƙila mai aiki aka turo. Shugabar ta ce, ba da faɗa ba, za ta ajiye takardar har uwar ta zo da kanta.

A nan na ɗaga kai na dubi 'yar nan. Ba kuka take ba. Ta dai sunkuya tana murza bakin hannun rigarta, kamar ta riga ta haƙura.

Ban san lokacin da na ce "Safiya!" ba. Kuma ba a hankali na faɗa ba, irin muryar da nake kiran mai ruwa daga ƙarshen lungu na yi. Na ƙara da Hausa, wadda shugabar ba ta ji ko kalma, "Safiya ce, ni na haife ta!" Daga nan abin ya ƙwace mini: na rangaɗa guɗa, na rungume ta har mayafina ya zame, ina kuka. Larabawa suka tafa. Matanmu kuwa suka rufe fuska.

Har zafin ya ƙare ban huta ba. Kowane taro na shiga sai wata ta ce, "Sannu da zuwa, ni-na-haife-ta." Yaya Hansai ta ce ita "tashi" kawai ta ce, ba ta ce in yi shela ba. Malam kuwa na kama shi yana dariya shi kaɗai yana ɗaure kayan tafiya.

A hanyar Ɗa'if muna bayan motar kaya, mota na hawa dutse, kowa ya riƙe na kusa da shi, sai Safiya ta matso ta sa baki a kunnena.

"Inna, sake faɗa."

"Me?"

"Kin sani."

Na duba, Yaya Hansai na gyangyaɗi. Na faɗa a hankali. Ta ɗora kanta a kafaɗata, ban ture ta ba.

Bara Safiya ta rasu, ta bar mini jikoki. Yanzu bayan kowace salla ina kiran sunanta, ba mai tsokanata. Na gode wa Allah da shugabar nan mai tabarau da ta ƙi ba ni takarda. Abin da na koya kaɗan ne: kunya abu ne mai kyau, amma a riƙa kiran sunan tun mai shi yana iya amsawa. Sai dai a rage murya.