Hannun Roba da Baba Nomau

Ba na jin za ni taɓa mantawa da ranar Larabar nan, ko da kuwa na so in manta yaran garin Isa ba su bari na. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata makarantar sakandare, kaina cike da karatu, hankali kuwa sai a hankali.

A waya na ga wani gwaji. Za ka ɓoye hannun mutum bayan kwali, ka ajiye na roba gabansa, ka riƙa shafa su biyun lokaci guda. Ido na ganin ana shafa roba, fata na jin shafa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun ta yanke cewa robar nan hannunta ne. Na ce to, gobe 'yan aji uku za su san an kawo malami. Na samo safar hannu ta roba na cusa mata auduga, na shafe ta da man goge takalmi don ta yi kalar fata (hannun mutum mai warin takalmi, ku ji fa), na tsinto gashin zabo biyu.

Da na yi da ɗalibi, da an yi dariya an tashi. Amma ina! Sai na kira Baba Nomau, mai gadin makaranta. Dattijo ne Bagobiri, kuma shi ne babban 'yan taurin unguwarsu, masu maganin da ƙarfe bai kama su. Ranar Sallah idan an buga masa ganga, wuƙa yake gogawa a cikinsa tana lanƙwashewa. Yara ko tsallake katanga ba su yi saboda kwarjininsa. Abin da ke raina, in faɗi gaskiya, in nuna cewa boko ya fi laya.

"Mi za a yi, Malam?" ya tambaye ni.

"Ɗan gwaji ne, Baba. Ba ciwo."

Ya zauna, ya miƙa min hannunsa bayan kwali ba musu. Na rufe gindin robar da rawaninsa. Na yi ta shafawa, yatsa da yatsa, ina cewa ya saki jiki, ya dubi robar kawai. Can ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah! Malam, abin ga ji nikai kamar nawa na." Nan na zaro wuƙar yankan albasa daga aljihu na caka wa robar.

Baba Nomau ya kurma ihu. Ya fizge hannu, kujera ta kife, hularsa ta yi gefe. Aji ya kwashe da dariya har da masu buga benci. Ni kuwa ina tsaye ina washe baki, ina bayanin ƙwaƙwalwa.

Ya tashi, ya kaɗe hula, ya duba hannunsa ciki da baya. Sannan ya ce, "Malam, zamna kai ma."

Na ce ai ni na san sirrin, ba ya kama ni (a gaban yara arba'in da wani abu na faɗi haka, da ƙarfi). Na zauna. Tsohon nan ya ɗauki gashin zabo ya shafa, ya shafa, a natse, ya fi ni iyawa nesa. Ina kallon roba mai warin takalmi, ni na cusa mata auduga da hannuna, amma wallahi sai na ji ta zama tsokar jikina. Da ya zaro tasa wuƙar, tun ba ta sauka ba na ce, "Wayyo Inna!" Na yi baya da kujera, ƙafafu sama.

Har yau sunana ke nan a garin: Malam Wayyo Inna. Na ji kunya mako biyu, daga baya ni ma na shiga dariyar. Malami ya yi ihu, ba abin da ya ragu gare shi.

Shi ko Baba Nomau, abin bai tsaya aji ba. Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa, an ce wuƙar albasa ta sa babban ɗan tauri kuka. Ba wanda ke faɗin cewa roba aka soka. Yara suka fara tsallake katanga gabansa suna kiran "hannun roba". Da Sallah aka buga ganga bai fito ba. Bayan hutu muka tarar da sabon mai gadi, aka ce ya koma ƙauyensu wajen Burkusuma.

Sai da na yi wata uku ina jan ƙafa kafin na hau babur na tafi. Na iske shi yana gyaran darni. Ya shimfiɗa min tabarma, aka kawo fura. Na fara ba da haƙuri, sai kuma halin ya motsa, na shiga yi masa bayanin cewa kowa ma haka zai yi, ido ne ke ruɗin ƙwaƙwalwa.

Ya bari na gama. Ya ce, "Na sani, ai na ga naka. Ni wuƙa ba ta dame ni ba, Malam, shekara hamsin muna tare da ita. Amma kai kac ce in saki jiki. Kuma na saki."

Furar ma kasa shanye ta na yi.

Har gobe ina koyar da darasin, don yana da kyau. Sai dai yanzu ni ke zama kujerar, ɗalibi ya riƙe wuƙar, in yi ihuna a yi dariya a tashi. Na gane cewa duk malamin da ke son burge aji, to ya ajiye nasa hannun.