Wane Asibiti Zan Kai Inna?

Ranar Talata na wuni a layin mai a Tudun Wada, na samo abin da bai fi rabin galan ba. Ina isa gida na tarar ƙafar mahaifiyata, Inna Tani, ta kumbura suntum. Ƙaya ce ta soke ta a gonar masara, ta yi shiru da bakinta, sai da takalmi ya ƙi shiga sannan ta faɗa.

To jama'a, ƙauyenmu tsakanin asibitoci biyu yake. Akwai tsohon na gabas, wanda rufinsa ke yoyo tun ina firamare. Akwai kuma sabon na kudu, wanda Mai Girma Mai Almakashi ya zo da jiniya ya buɗe bayan sallah. Man da ke babur ɗina kuwa wuri ɗaya zai iya kai mu ya dawo da mu. Dole in yi bincike.

Na fara da rediyo, don ni mutum ne mai ganin girman hukuma. Kakakin Mai Girma ya ce a sabon asibitin har da na'urar da ke gano ciwo tun bai kama mutum ba. Daga nan na leƙa shagon Muzammil mai cajin waya. Ya nuna mini hoto: gadaje reras, ga wata malamar asibiti tana murmushi.

Na ce, "Kai ka ɗauka?"

Ya ce, "Turo mini aka yi, Baba. Amma a guruf uku na gan shi, ka ga ai ba zai zama ƙarya ba."

A teburin Audu mai shayi majalisa ta rabu biyu. Mutanen Mai Girma suka ce ko a birni babu irinsa. 'Yan adawa suka ce ko harsashin ginin ba a haƙa ba. Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa zuwa. Kowa ya duƙufa kan kofinsa. Can sai maƙwabcina Habu ya yi gyaran murya ya ce wansa ya wuce ta wajen a mota, kuma fentin kore ne.

Na koma gida na zayyana wa Inna hujjojin nan. Ta ce, "Ku dai ku gama shawarar kafin ƙafar ta guntule."

Washegari da sassafe na ɗora ta a babur muka nufi kudu. Wan Habu bai yi ƙarya ba, fentin kore ne shar. A barandar an shanya barkono. Wani dattijo mai gadi, Malam Hamman, ya taso muka gaisa, na tambaye shi ina ma'aikata.

Ya ce, "Ai ni ne. Gadaje dai suna ciki a kulle. Daga tsohon asibiti aka aro su ranar biki, motar da za ta mayar da su ce ba ta samu mai ba."

"Malamar da ke cikin hoton fa?"

"Ita ma aro ce. Ita da yake tana da ƙafa, ta koma."

"Na'urar fa?"

"Kwalinta dai na gani. Da hannu ɗaya aka shigo da shi."

Allah ya saka wa Malam Hamman, yana da lambar malamar, Husna sunanta. Na kira ta, ta ce in kawo Inna, amma in nemo tabarma. Muka juya gabas. Mun ɗan wuce ƙauyenmu babur ya yi tari ya mutu. Sauran hanyar turawa na yi, Inna na bisa tana ta nuna mini ramuka kamar ni na haƙa su.

A kan tabarmar aro Malama Husna ta tsaga ƙafar, ta matse ruwan, ta yi allura. Ta ce da mun ƙara jinkiri, da sai maganar Kano. Yanzu Inna na takawa, har ta koma yi mini faɗa a tsaye.

Ni dai ina jinjina wa Mai Girma kan adalci. Kudu ta samu gadaje, gabas ta samu malama, babu ɓangaren da zai ce an manta da shi. Na kuma ji za a buɗe asibiti na uku bayan kaka. Masu jinya a tsohon asibiti, don Allah kada kowa ya tashi daga kan tabarmarsa.