Yadda Na Sa Kawu Sale Yawon Neman Yafiya

Ko da zan manta sunana, ba zan taɓa mantawa da yatsun Kawu Sale ba. Lokacin watana huɗu kacal a makarantar koyon aikin lafiya, amma in ka ga takuna a Kurfi sai ka rantse ni na gina asibiti.

Kawu ɗinkin hula yake yi. Ran nan ya ce yatsunsa uku na dama suna mutuwa, kamar ana tsira masa allura. Makon nan aka koya mana cututtukan jijiya, sunaye cike da bakina ba wurin zubarwa. Na kama hannunsa, na girgiza kai (haka malaminmu ke yi), na ce, "Kawu, saƙo ne ba ya isowa daga ƙwaƙwalwa. Nurofati ke nan. Daga nan sai sitirok, sai hemifilejiya."

"Da Hausa fa, ɗan nan?"

"Shanyewar ɓarin jiki."

Kawu ya ajiye allurar ɗinkinsa. Ashe ya ɗauka tafiyar da ba a dawowa ce ta zo. Mako uku yana bin gida gida neman yafiya. Har wurin Malam Audu ya je, wanda suka shekara goma suna rigimar iyakar gona, ya ce a gaban dattawa ya bar masa kunya shidan gonar da suke rigima a kai, duniya da lahira.

Sai da Inna ta matsa muka tafi asibiti Dutsin-Ma. Ina gaba, na fara zuba sunaye, likita ta ɗaga min hannu. Ta tambayi sana'arsa, ta ƙwanƙwasa wuyan hannun, Kawu ya zabura.

"Baba, jijiya ɗaya ce ta matse a nan saboda ɗinki. Za mu ɗaure hannun, ka huta. Wa ya ce maka shanyewa ce?"

Kawu ya juyo a hankali ya nuna ni da yatsan da ke da lafiya. "Ga babban likitanmu nan."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige har da takalmi.

Hannu ya warke, kunya shidan gona kuwa sun tafi, don Kawu ba ya janye magana. Bai taɓa yi min faɗa ba, abin da ya fi ci na ke nan. Yanzu ko atishawa aka yi aka tambaye ni, sai in ce, "Allah ya sawwaƙe, mu je asibiti."