Uban da Ya Ƙi Faɗin Sunan Ɗansa

Na sha kunya iri-iri a aikin koyarwa, amma ba zan taɓa mantawa da wadda na kwaso a wani ƙauye bayan Yankara ba. Zamanin arzikin mai ne, gwamnati na ta buɗe makarantun kwana, abinci kyauta, littafi kyauta, amma duk da haka wasu yaran in sun tafi hutu sai a ji su shiru. Shugaban makarantarmu ya ce a riƙa bin sawunsu har gida kafin a soke sunansu. Ni aka ba aikin, don ni ke da sabon babur (kuma ni na fi kowa zuba a taron malamai kan yadda ake riƙon yaro, alhali ko aure ban yi ba).

Yaron da na fita nema sunansa Habu, ɗan aji biyu, gwanin lissafi. An daɗe da komawa hutu bai dawo ba, kuma an ce in Juma'a ta wuce babu labarinsa, gurbinsa ya zama na wani.

Na isa da hantsi, wandona mai faɗin ƙafa ya sha laka. Aka nuna mini mahaifinsa, Malam Barau, zaune cikin dattawa a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Bayan gaisuwa na tambaye shi ina Habu. Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tufka, kamar ba da shi nake ba. Da na sake tambaya sai ya ce, "Wanga zance ba nawa ba ne, Malam. Jira ƙanena Iro ya zo, shi za ya gaya maka."

Nan fa raina ya ɓaci. Na miƙe tsaye (wa ya aike ni?) na zazzage masa duk abin da aka koya mana a kwaleji. Na ce irinsu ne ke kashe yara da ransu. Na ce uban da ko sunan ɗansa ba ya iya faɗa bai san zafinsa ba. Har da nuna yatsa. Dattawa suka yi tsit, ni kuwa na ɗauka maganata ce ta ratsa su.

Ana haka Malam Iro ya iso, ya ja ni zaure. Ga Habu kwance a tabarma, ƙafa ta kumbura, kurkunu ya fito masa a idon sawu an naɗe shi a tsinke. Malam Iro ya ce Habu ɗan fari ne, don haka yayansa Malam Barau ba ya kiran sunan yaron, ba ya zancensa a gaban mutane, haka suka gada. Amma uban ne ke lallaɓowa kullum in ba kowa, ya gasa ƙafar ya naɗa tsinken. Har makarantarmu ya je a keke don ya ba da uzuri. Maigadi ya tambaye shi sunan yaron, ya tsaya yana ta "yaron gidanmu, wani dogo haka", aka sallame shi ya dawo.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ma ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kirana da komai ba sai "kai wannan", kuma shi ya riƙa kai ni firamare a wuya in rafi ya cika. Boko ne ya hau mini kai har na manta gidanmu.

Na fito na durƙusa gaban Malam Barau ina kame-kame. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Malam, wa'azin ya ƙare ne, ko ruwa ka tsaya sha?" Kowa ya fashe da dariya, har shi Malam Barau, wanda ya ce ba komai, ƙuruciya ce.

Na goya Habu a babur muka tafi asibiti. Shugaba ya riƙe masa gurbinsa, ya warke, ya gama karatunsa lafiya lau. Amma abin da ya zauna mini shi ne lokacin da za mu tashi. Uban bai ko kalli ɗansa ba. Wajena ya matso, ya rage murya ya ce, "Malam, ka bi a sannu, hanyar akwai ramu."

Tun daga ranar, in na ga uba ya yi shiru a kan ɗansa, ni ma nakan ja bakina in yi shiru, in jira ƙaninsa.