Wuƙar Likita da Cikin Tunau

Wani mutum ne a Unguwar Maƙera, Tunau, wanda bakinsa ya fi ƙirjinsa faɗi. Kullum cewa yake ƙarfe ba ya cinsa, amma ba wanda ya taɓa ganinsa a filin tauri. Ranar wasa, ko dai ya yi baƙi, ko ciwon ƙafa ya motsa.

Ana nan Sarkin Tauri ya tsufa, aka shiga neman magaji. A tsakanin nan ciwon afendis ya murɗe Tunau, aka kwashe shi ranga-ranga sai asibiti. Likitoci suka yi masa aikin zamani: 'yan huji uku a ciki, a zura kyamara da siraran ƙarafa, a zaro 'yar hanjin da ta kumbura. Da ya warware ya duba cikinsa, bai ga dogon ɗinki ba, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama!"

Ran taron 'yan tauri ya ratsa jama'a, ya yaye riga.

"Sarki, ranka ya daɗe, duba nan! Likita ya ɗora wuƙa, ƙararas, ta karye. Ya sake wata, ta lanƙwashe kamar tafasasshiyar taliya. Har Bature aka kira, ya yi gumi ya gaji. Da ƙyar na tausaya musu na saki jiki, suka samu 'yan ƙofofin nan."

Wuri ya ɗauki sowa. Makaɗi ya saki kirari, Tunau sai hura hanci yake, yana satar kallon rawanin Sarki.

Can sai ga Cindo tela yana kutsowa, siririn mutum wanda ko zakara ya yi cara sai ya zabura.

"Yaya Tunau, ashe an sallame ka? Sannu da jiki."

"Kai kuma wa ya kira ka?"

"Ni ne na gadon kusa da naka, ka manta?" Ya ɗaga 'yar shararsa. Huji uku, ras, wuri ɗaya da na Tunau. "Jama'a, ashe ni ma ɗan tauri ne ban sani ba! Har da wata tsohuwa a ɗakin mata, ita ma wuƙa ta ƙi cinta."

Makaɗi ya dafe ganga.

Sarkin Tauri ya gyara zama, ya ce, "To Cindo, tunda taurinku ɗaya, wa zan naɗa a cikinku?"

"A'a, ranka ya daɗe, a ba Yaya Tunau, ya fi ni murya. Da aka zo yi masa allura, ihun 'wayyo Inna' da ya yi, har masu gadi sai da suka rugo."