Ranar da Na Share Fage Tas

Ba zan taɓa mantawa ba, su ma mutanen Azare ba su da niyyar bari in manta, da ranar da aka ba ni aikin share fage a bikin 'yar wani Alhaji mai sayar da hatsi.

Lokacin waƙoƙin fiyano ne ke tashe, duk saurayin da ya iya danna maɓalli biyu sai ya ga ai shi ma mawaƙi ne. Ni ma ina cikinsu. Da rana ina tsaron shagon kaset na wani yayana a bakin tasha, da yamma in koma ɗakina na soro in rungumi wata tsohuwar fiyano da na saya a hannu (maɓallanta uku sun mutu, sai na koyi kiɗa ina tsallake su). Abokaina duk sun watse: wannan ya yi aure, wancan ya tafi karatu Bauchi, ɗaya ya bi manyan motoci Kudu. Dakalin da muke hira ya koma wurin kwanciyar awaki. Sai in wuni ba wanda ya kira sunana, mai neman kaset ma "kai mai shago" zai ce. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

A wannan zaman na haɗa wata waƙa, ita ce mafi kyau a duk abin da na taɓa yi. Amshinta shi ne: "Ɗaki ya yi faɗi, tabarma ta yi sanyi, kowa ya kama hanya, ni kaɗai aka bari." Ba wanda ya taɓa jin ta sai ƙadangarun soro.

Rannan sai ga Hajiya Kaltume, gwaggon amarya kuma uwar biki, ta tsaya a ƙofar shago. Ta ce sun ɗauko babban mawaƙi daga Kano, wanda mu 'yan koyo muke kira Oga, suna neman wanda zai ɗan taɓa kiɗa kafin ya iso.

"Ɗan nan, share fage kawai za ka yi," in ji ta. "Ka riƙe mana mata kada su watse. Kada ka zaƙe, ka ji ko? Ba kai aka zo gani ba."

Na ce, "To Hajiya, in sha Allahu."

Bakina ne ya ce to. Zuciyata kuwa tuni ta fara gardama. In na rage murya na yi laƙwas, ta yaya Oga zai san da ni? Burina ɗaya ne: ya ji ni, ya ce in shiga mota mu tafi Kano. Ko yin suna ban sa a rai ba sosai. Na taɓa ganin yaransa a wani biki sun zagaye faranti ɗaya suna cin shinkafa suna tsokanar juna, tun ranar nake son in ga hannuna a cikin farantin nan.

Ranar biki bayan la'asar aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, janareta ya kama ruri. Mata sun cika fal, an sha anko. Amarya Hauwa na tsakiyar ƙawayenta sai dariya take yi, don angon nata, wani malamin makaranta a Udubo, zaɓin ranta ne. Can gabas hadari ya ɗan fara haɗuwa. Oga shiru. Hajiya Kaltume na ta zagaye da wayar hannu a sama tana neman sabis (lokacin waya ta shigo garin, sabis ɗin ne bai gama yanke shawarar zama ba).

Da farko na yi ladabi. Na yi 'yan waƙoƙin biki marasa nauyi, ana ɗan tafi, ana hira, ba mai kallona. Sai na ji wani ya ce an samu Oga a waya, taya ce ta fashe musu, amma yanzu sun wuce Jama'are. Na yi lissafi irin nawa: in na fara yanzu, zai iso ina tsakiyar waƙar. Na ƙara wa lasifika murya, na gyara tsayuwa. Don waƙar ta dace da biki har na ƙara mata baiti nan take: "Inna, gobe war haka ɗakinki shiru, wadda ke amsa kiranki ta tafi." Sannan na rufe idona, don na lura manyan mawaƙa haka suke yi.

Wallahi ban taɓa waƙa irin ta ranar ba. Hira ta tsaya cak. Na fara jin shessheƙa nan da can, na ce a raina, yawwa, ta shiga. Na ji ana jan kujeru, na ce Oga ne ya iso ana ba shi hanya. Na ji ƙofofin motoci na bugawa, na ji guɗa, na ce ai tarbarsa ake yi. Na ƙara matse ido, na maimaita amshi, na sake maimaitawa, har da karkarwar murya.

Abin da ya faru, kamar yadda aka ba ni labari daga baya, shi ne uwar amarya ta ji baitin nan daga cikin gida ta fashe da kuka. Hauwa ta ji kukan uwarta, ita ma ta ɓarke. A wurinmu kuwa kukan amarya yana da lokacinsa, sai an zo tafiya da ita. Wata tsohuwa daga dangin ango ta dubi amarya, ta dubi hadari, ta ce, "Tunda ta fara, a lulluɓe ta mu kama hanya. Ba za mu sa yarinya kuka sau biyu ba, ga hanyar Udubo in ruwa ya sauka sai Allah." Hajiya Kaltume ta yi magiya a jira baƙo, ba wanda ya saurare ta. Aka shiga da Hauwa ta yi sallama da iyayenta, aka fito da ita. Masu rakiya suka cika motoci, sauran suka bi uwar amarya cikin gida lallashi.

Da na buɗe ido, kujeru ne fayau a gabana, wasu a kife, da takalmin wata mata ƙafa ɗaya. Ga Oga tsaye cikin farar shadda, yaransa a bayansa riƙe da kayan kiɗa. A gefe Hajiya Kaltume ta zuba mini ido.

Oga ya dubi filin daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ya dube ni.

"Malam, kai ne mai share fagen?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. "Ai kuwa ka share shi tas."

Yaransa suka bushe da dariya. Aka kawo musu shinkafa suka zagaye faranti ɗaya a nan cikin rumfa, ni kuma ina naɗe wayoyin lasifika a hankali ko wani zai ce bismillah. Ba wanda ya ce. Na saɓa fiyanota a kafaɗa na nufi soro, yayyafi na bina.

Yanzu in matasa masu waƙa suka tambaye ni ko mai share fage ya kamata ya rage wuta saboda babban mawaƙi, nakan ce ban san na wasu garuruwa ba, amma a Azare ka rage, in kuma ba za ka rage ba, to kada ka rufe ido.

Kano dai ban je ba. Amma tun daga ranar aka sa mini suna Tsintsiya, har yau in na ratsa kasuwa sai an ɗaga murya an kira ni da shi. Ina amsawa kuwa, da sauri ma. Kafin bikin nan ba wanda ke kirana da komai.