Lambar Girman Malam Haladu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa Firinsifal ɗinmu walimar ajiye aiki ba. Ko na so in manta ma, Malama Rabi ba za ta bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da fara koyar da tarihi a wata sakandare da ke wajen Bebeji ba. Ni irin mutanen nan ce da za a aika sayen gishiri, su tsaya a hanya suna kallon yadda iska ke kaɗa dawa. Tun a jami'a akwai wani littafi da ya sace mini zuciya a laburare. Hotunan lambobin girma ne da sulallan wani gidan sarauta na ƙasar Jamus, na wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, zamanin da fasaha ta farfaɗo a Turai. Uba, ɗa, jika, matansu, kowa da fuskarsa a kan ƙarfe, ta gefe ɗaya, ga suna an kewaye bakin lambar da shi. Sulallan dai na ciniki ne, amma lambobin ba a kashe su, kyauta ake yi da su ga aminai. Gwani zai fara sassaƙa fuskar a katako ko dutse, a danna a ƙasa ta fitar da gurbi, sannan a zuba narkakkiyar azurfa ko tagulla. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa yi wa kowa kwalliyar ƙarya. Mai ƙaton hanci da hancinsa, mai haɓa biyu da haɓarsa biyu. Mutum ya mutu, gidansa ya rushe, amma hancinsa na nan daram. (Har waƙa na rubuta a kan wannan. Allah Ya rufa mini asiri ba wanda ya gani.)

To, Firinsifal ɗinmu Malam Haladu mutum ne da fuskarsa ta dace da ƙarfe. Dogo ne siriri, hanci zuwat, ɗan gemu fari, hula a tsaye kamar an auna ta da magwaji. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. In ya ratso harabar makaranta, hatta awakin maƙwabta kan natsu. Rabin magidantan yankin ta hannunsa suka bi, kuma har yau in sun hango shi sai sun gyara wuyan riga.

Da muka zauna a ofishin malamai don shawarar abin da za a ba shi, wani ya ce shadda, wani ya ce agogon bango, wani ya ce rago. Ni da ban cika magana a taro ba, sai na ji hannuna ya tashi da kansa. Na yi musu bayanin sarakunan Jamus tiryan-tiryan.

Malama Rabi mai koyar da lissafi, wadda muke haya gida ɗaya, ta dube ni ta saman tabarau.

"Wato dai kwabo za mu ba shi?"

"Ba kwabo ba, lambar girma."

"Ana kashewa?"

"A'a."

"Ana ci?"

"Haba Malama Rabi."

"To ni dai rago na zaɓa."

Malamin addini ya tambaya ko da gangar jiki za a yi, na ce kai ne kawai. Ya ce, "To, Allah Ya kyauta," irin faɗin da ba ka sanin izini ne ko jaje. A ƙarshe aka tsaya a kan rago, aka ce ni kuma in yi lambata a haɗa, tunda na nace. Mataimakin Firinsifal ya ja ni gefe ya ce, "Malama, kin san halin mutumin nan. Ranarsa ce ta ƙarshe, ga manyan baƙi. Kada a yi abin da zai zubar masa da girma." Na ce ya kwantar da hankalinsa, girma ma za a ƙara masa wanda ba ya tsatsa.

Matsalar farko, ta gefe nake son fuskar, shi kuwa Malam Haladu ba ya bai wa mutum gefe. Duk inda kake, gaba da gaba yake dubanka. Na koma tsayawa a ƙarshen layin malamai wajen taron safe, ina satar kallonsa ina zane a bayan rajista. Wata safiya yana tsakiyar faɗa a kan masu makara, sai ya juyo kwatsam.

"Malama, lafiya? Wani abu ne a kuncina?"

Na ce babu, ranka ya daɗe, tsuntsu nake kallo. Ɗalibai duka suka ɗaga kai sama. Babu ko ƙuda.

Na je Tiga wurin gwaggota na samo yumɓu mai laushi, na zauna da tsinken tsintsiya da cokalin shayi ina gina fuskar a kan faranti. Na farko ya fito kamar wani ɗan sanda, na biyu kamar kakata. Sai da na lalata yumɓu mai yawa kafin wata rana Malama Rabi ta leƙo, ta ja da baya ta ce, "Innalillahi, rufe shi, ji nake kamar zai tambaye ni jadawalin darasi." Nan na san na gama. A kewayen na rubuta sunansa da ƙananan haruffa masu tudu, na ƙara da: FITILAR DA BA TA MUTUWA.

Azurfa dai ta fi ƙarfina. Aka kwatanta mini wani mai zubin tukwane a Kiru, Sale, na hau babur rungume da faranti kamar mai ɗauke da jinjiri. Da na shiga rumfarsa sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Ga ƙasa mai danshi a cikin akwatin katako, ga samfur ana dannawa, ga gwangwanayen lemo da tsofaffin ƙarafan alminiyam suna narkewa a wuta. Yadda littafin ya faɗa, haka na tarar, a Kiru! Na buɗe farantin.

"Kai!" Sale ya miƙe tsaye, har ya cire hannu daga aljihu. "Wannan ai Malam Haladu ne!"

"Ka san shi?"

"Ni kuwa na san shi, Malama. Ya koyar da ni kafin in ga karatun ba nawa ba ne. Biki ake yi masa?"

"Walimar ajiye aiki."

"Taro za a yi ke nan. Da abinci da komai?"

"Sosai ma."

Ya jinjina kai yana ta kallon fuskar, ni kuma na ɗauka fasahata ce ta ratsa shi. Da na koma karɓa, sai na tarar guda biyu ya zuba, wai ko ɗaya za ta yi ƙuraje. Na zaɓi wadda ta fi sheƙi. Ya ɗaga ɗayar ya ce, "Wannan fa?" Ni kuwa hankalina na can kan yadda haske ke gudu a kan hancin Firinsifal, na ce, "Riƙe ta kawai, ka yi yadda ka ga dama da ita." A zatona mayar da ita wuta zai yi. (Mai karatu, ka riƙe wannan maganar tawa. Ni ban riƙe ba.)

Ranar walima aka kafa rumfuna a filin makaranta. Manya daga ofishin ilimi sun zo, hakimai sun turo wakilai, tsofaffin ɗalibai har daga Tudun Wada da Doguwa. Malam Haladu na zaune a tsakiya cikin farar babbar riga, Hajiyarsa na can ɓangaren mata. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka jawo rago ya yi kukansa aka mayar. Sannan aka kira ni.

Na fito da lambar a cikin ɗan akwatin da na lulluɓe da ƙyallen karammiski. Da na kama makirufo sai tsoro ya gudu, waƙa ta zo. Na ba su labarin sarakunan Jamus da gwanayensu. Na ce takarda tana yagewa, shadda tana koɗewa, rago kuwa gobe war haka ya zama tarihi (Malama Rabi ta yi tari). Na ɗaga lambar sama, rana ta haska ta, na ce:

"Ranka ya daɗe, sarakunan can sukan zuba da yawa su raba wa abokai. Kai kuwa guda ɗaya tak aka yi maka, domin irinka ɗaya ne. Duk faɗin duniyar nan, daga gabas har yamma, babu ta biyunta."

Aka yi tafi. Malam Haladu ya karɓa, ya juya ta, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe haka nake ta gefe." Wallahi na ga idonsa ya yi laushi. Na koma kujerata ina jin kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Sai mai gabatarwa ya ce a kawo abinci.

An shirya cewa na manyan baƙi a kuloli za a zubo. Amma Iya Larai, shugabar masu girkin makaranta, ta ce ina, yau ranar nuna sababbin kaya ce. Ta fito gaba, mata na biye da ita a jere, kowacce ɗauke da sabuwar tukunya fes tana walƙiya. Suka dire su a kan teburin manya, ta miyar taushe a gaban Malam Haladu daidai.

Shirun da ya fara daga teburin ne ya sa na ɗago.

A kan murfin tukunyar, a tsakiya, ga Malam Haladu. Hanci, gemu, hula. A kan ta shinkafa, Malam Haladu. A kan ta farfesu, Malam Haladu. FITILAR DA BA TA MUTUWA, tururi na fita ta gefenta. Kuma da yake mariƙin murfi a tsakiya ake sa shi, sai ya faɗo daidai kan kunnensa. Ba yadda za ka buɗe tukunyar sai ka kama Firinsifal ta kunne ka ɗaga.

(A nan ya kamata in gaya maka abin da ni baƙuwa ban sani ba sai ranar. Malam Haladu bai taɓa dukan ɗalibi da bulala ba. Kunne yake kamawa, ya ɗaga yaro har sai ya yi ɗage.)

Wani daga cikin tsofaffin ɗalibai ya yi wani sauti kamar an taka kaza, ya toshe baki da hula. Na kusa da shi ya sunkuya wai yana neman takalmi, kafaɗunsa na rawa. Mataimakin Firinsifal ya juyo ya dube ni, kallon da har yau nakan gani a mafarki. Ni kuwa addu'a nake ƙasa ta tsage, ko ragon nan ya tsinke a bi shi a manta da ni.

Iya Larai ko a jikinta. "Ranka ya daɗe, ka ga kayan rabon bikinka? Sun fi na roba da ake manna wa hoto, wannan ko an wanke ba ya fita. Jiya a kasuwa har rububi ake."

"A kasuwa," in ji Malam Haladu a hankali.

Sai ga Sale ya ratso taro da buhu a kafaɗa yana ƙarar ƙarfe, ya sha sabuwar riga, bakinsa har kunne. Ya durƙusa ya ce, "Allah Ya ƙara girma, Malam. Ga gudummawata, ƙarin tukwanen ne, a raba wa baƙi. Malama ce ta kawo samfur, ta ce in yi yadda na ga dama. Na ce biki guda na Malam a tashi ba abin rabo? Ai da kunya."

Duk idanun filin suka dawo kaina. Malama Rabi ta raɗa mini, "Daga gabas har yamma."

Malam Haladu ya ajiye lambata a gefe. Ya miƙa hannu, ya kama kunnen nasa na kan murfi da yatsu biyu, ya ɗaga murfin. Ƙamshin taushe ya tashi. Ya dubi murfin, ya dubi Sale, ya kira shi da sunansa na rajista.

"Salisu."

"Na'am, Malam."

"Ramawa ka yi?"

"Wallahi Malam, tsakiyar ce ta faɗo a wurin. Na gwada matsar da shi, sai ya hau hanci."

To a nan ne abin da ba a taɓa gani ba ya faru. Gemun ya fara rawa, sannan kafaɗu, sai ga haƙoran Malam Haladu a waje, farare tas, har da wushirya. Ya yi dariya har da share ido da hannun riga. Filin kuwa kamar jira ake, ya ɓarke gaba ɗaya. Magidanta masu furfura suka yi layi gaban buhun Sale, kowa na cewa shi ya fi cancanta, nasa kunnen ya fi shan wuya.

"A ajiye wa Hajiya guda," in ji Malam Haladu cikin makirufo. "Ta daɗe tana neman wannan damar."

Da taro ya watse na je in ba shi haƙuri, na durƙusa ina hawaye. Ya ce, "Tashi, 'yata. Taki zan rataye a ɗaki, ba mai ganinta sai ni. Ta Salisu kuwa kullum sai an tuna da ni sau uku, in dai an ɗora girki. Ki bar kuka, je ki ci abinci kafin su cinye."

Na je, amma na kasa buɗe tukunyar. Sai da Malama Rabi ta kama kunnen ta buɗe mini.

Darasin da na koya dai shi ne, duk wanda zai hau makirufo ya rantse cewa abu ɗaya ne tak a duniya, to ya fara leƙawa kasuwar Kiru tukuna.